Kafson da na zuba wa maigidana a kunu

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Ku matso ku ji, amma don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku zage ni, abin da ke cina ma ya ishe ni.

Shekararmu uku a unguwar Dengfeng, a ƙasar China. Maigidana kayan sawa yake saye a kasuwar Canaan yana aikawa Kano, ni kuwa ina ɗaki, daga girki sai waya da 'yan gida. Watannin baya zazzaɓi ya dinga kama shi, shi kuma mutum ne da ko farasitamol sai an yi rigima. Ina da kafson taifod da na taho da shi, irin wanda muke saye a kemis ba takardar likita. Sai na riƙa ɓare shi ina juyewa a kununsa safe da yamma, wajen sati uku. Da ya ce kunun na ɗaci, na ce gyaɗar China ce haka. Zazzaɓi ya tafi, har ina yabon kaina.

Yanzu ga shi ya ɗashe, hawa bene sai ya zauna sau biyu, in ya goge baki jini. A asibiti aka ɗebi jininsa. Abokinsa ɗan Maradi ne ya yi mana tafinta, ya ce gwajin yana ƙirga sababbin ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba, da su ake gane ko ɓargo yana aiki. Nasa kusan babu. Likitar ta tambaya ko ya sha wani magani, don wasu magungunan suna tsayar da ɓargo. Ya yi dariya ya ce shi da magani ai sai an ɗaure shi. Ta juyo kaina. Tun kafin a fassara na gane tambayar, na ce "mei yo", wato babu. Me ya shiga bakina?

Jibi za su huda ƙashinsa su ɗebi ɓargon, kuma ta ce sanin sanadin ne zai nuna musu maganin da za su fara. Jiya ya kama hannuna ya ce, "Hajiyata, ki daina kuka, ke me kika yi?" Na kasa haɗa ido da shi.

In na faɗa, anya zai sake karɓar ko ruwa daga hannuna? In na yi shiru suka bi wata hanya, lokaci ya ƙure masa fa? Jama'a, kafin jibi me zan yi?