Muryata ta Maƙale a Ɗakin Hoton Ƙwaƙwalwa

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta sake amai da sassafe, kuma tafiyarta sai tangaɗi. Likita ya ce a yi mata hoton ƙwaƙwalwa. Wai akwai koguna a cikin kai da ruwa ke bi, yana zargin ƙari ya tsaya a ɗaya. Auta ta ce, "Ni ban ce a yi min ƙari ba, na ƙoshi." Kowa ya yi dariya ban da Mama.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Injin kamar rami yake, ga ƙara. Dole yaro ya kwanta ko motsi babu, in ba haka ba hoton ya dagule. Auta ta ce muryata take so, ni da nake ba ta labari kullum. Sai mai ɗaukar hoton ya zaunar da ni kusa da shi a bayan gilashi, ya miƙo min makirfo. Matashi ne, dogo, mai sanyin murya, sak irin samarin littattafan soyayyar da nake karantawa. Ya ce, "Bismillah, ƙanwata, tana jin ki."

Na buɗe baki, shiru. Ina tunanin yadda muryata za ta fita a kunnensa. A kunnensa fa! Auta tana kiran "Yaya, Yaya," har ta fashe da kuka tana juya kai.

Hoton ya lalace. Sai wani mako, layi ya cika.

Juma'a, 7 ga Maris

Mama ta ce, "Tsoro ne ya kama ki, ko? Ba komai." Na ɗaga kai alamar e. Da ma zagina ta yi.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta faɗi a banɗaki. Ba don ni ba, da yanzu an san abin da ke kanta.

Alhamis, 13 ga Maris

Mun koma. Na karɓi makirfo tun kafin ya miƙo. Labaran yara duk sun gudu daga kaina, sai na kamo wanda nake karantawa, na mayar da saurayin bunsuru mai tabarau, budurwar kuma agwagwa mai jan aji. Har kukan bunsurun na yi, da ƙarfi. Na ji wani yana danne dariya a gefena. Na ci gaba har makogwarona ya bushe.

Auta ba ta motsa ba.

Likita ya nuna mana a allo: wani farin dunƙule cikin kogon, ya tare hanyar ruwa. Ya ce ya fito sarai, kuma wurin da yake hannu zai kai, za a yi aiki a cire shi. Mama ta zauna a ƙasa tana hamdala.

A hanya Auta ta ce, "Yaya, bunsurun ya auri agwagwar?" Na ce sai bayan aiki zan faɗa mata, in ta farka.

Ina jin mai ɗaukar hoton ya yi min sallama da za mu fito. Ban tabbata ba, ina ɗaura mata takalmi.