Man Darbejiyar Da Ya Ƙi Tashi

Zuwa ga 'yata Aina'u,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya Basiru da yaran? Ni da sauƙi, sai ƙafafun nan da kika sani.

Saƙonki ya iso, cewa Basiru zai zo da mota ya ɗauke ni in koma wajenku. Ki tuna abin da muka yi da ke: muddin ina da abincin da na noma a ɗakina, za ku bar ni a gidana. Buhu huɗu na wake na samu bana. To, ƙwari sun fara shigarsa, kuma abin ya hana ni zama wuri ɗaya.

Marigayiya Kulu, mahaifiyarki, man darbejiya take shafa wa wake, ya kai damina lafiya. Maganin ƙwari na kasuwa kuwa kin san yana tayar mini da tari. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyarmu Jemima ta daka mini 'ya'yan darbejiyar da na tara, muka tafasa. Na tambaye ta abin da Kulu ke barbaɗawa a tukunya, ta ce wani farin abu ne daga gwangwani, kuma a ganinta kanwa ce, tunda ba a dafa abu mai tauri babu ita. Na yarda, na zuba da hannuna.

Aina'u, man bai tashi ba. Ruwa da mai sun haɗe sun yi fari kamar kunu. Kwana biyu ke nan ina zuwa madafa ina buɗe murfi ina dawowa, ko karatun safe ban iya gamawa. 'Ya'yan darbejiya sun ƙare, babu na sakewa. Ki ce wa Basiru ya dakata mini mako ɗaya.

Mahaifinki,
Sabo

Zuwa ga Aina'u,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, Allah ya sa yaran suna karatu.

Ranar Talata ina zaune gaban tukunyar sai aikina na dā ya faɗo mini, lokacin da nake wanke kwalabe a ɗakin gwaji na kamfanin matsar gyaɗa a Kano. Idan mai da ruwa suka ƙi rabuwa, ruwan gishiri mai kauri muke zubawa. Shugabanmu ya koya mana cewa ruwa ya fi son gishiri a kan mai. Da ya sha gishiri sai ya yi nauyi ya sauka, ya saki man ya hau sama. Kanwa kuwa ƙulla su take yi, hanyar yin sabulu ke nan. Shekara hamsin ina da wannan a kaina, na tsaya ina tambayar maƙwabta. Na ji kunya ƙwarai. Kulu ba ta shiga aji ba, amma ashe farin abin nan na gwangwani da take zubawa gishiri ne.

Na ɗumama tukunyar, na juye gishirin gidan duka, Jemima ta ƙaro rabin kwano tana ta ba ni haƙuri. Kafin la'asar ya rabu uku: ruwa a ƙasa, wani dusa-dusa a tsakiya, mai kore-kore a sama.

Ga abin da ban so faɗa miki ba. Na ƙi bari Jemima ta kwashe, na ce da kaina zan yi. Kwanon da nake kwasa a ciki ya suɓuce mini ya kife, rabin man ya bi ƙasa. Wanda ya rage buhu biyu kawai ya isa. Sauran biyun na ba Jemima su ci kafin ƙwari su cinye.

Na auna, buhu biyu za su kai ni farkon damina. Kada motar ta zo kafin nan. Idan ruwan farko ya sauka, Basiru ya zo, ba zan yi gardama ba. A ba ni ɗakin da ƙofarsa ke kallon waje.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Sabo Abdulmumini