Ƙwaryar Inna Ta Dawo Wayam

Zuwa ga masu alhakin zaɓen alƙalai da naɗa su a jiharmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ranku ya daɗe, ina fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a?

Sunana Isiyaku, tsohon malamin gona ne ni, na yi ritaya ina zaune a Malumfashi. Gonarmu ta gado tana bakin hanya kusa da Dayi. Tana nan inda take, amma kotu ta ce ba tamu ba ce. Na ɗaukaka ƙara, kuma ba roƙonku nake ku sa baki a shari'ar ba. Ba kuma da fushi nake rubutu ba. Wallahi na nemi fushin na rasa. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Na farko. Shekarar da mahaifiyata, Inna Hajo, take goyona, rigimar iyaka ta shiga tsakanin mahaifina da maƙwabcin gonarmu, Malam Ɗanjuma. Alƙalin lokacin ya zo gani da ido a kan keke, da gorar ruwansa ɗaure a baya. Rana ta take. Inna ta dama fura ta aika masa gindin ɗorawa, matar Malam Ɗanjuma ita ma ta aika tata. Ya sa musu albarka, ya mayar da ƙoren biyu ko ludayi bai taɓa ba, ya kwance gorarsa ya sha ruwan da ya riga ya yi zafi. Ya taka iyakar da ƙafarsa, ya saurari dattawa, sannan ya ce mahaifina ne ya ci iyaka. Aka yanke mana 'yan kunyoyi, aka dasa gamba a sabon layi. Ku lura, ranku ya daɗe, mu aka kayar. Amma mahaifina bai ƙara ɗaga maganar ba har ya koma ga Allah, kuma da aka haifi ƙanena sunan alƙalin nan ya sa masa. Ita kuwa Inna, ba ta da labarin da take alfahari da shi kamar ranar da aka ƙi shan furarta. Jikokinta duk sun haddace shi.

Na biyu. 'Yan shekarun baya magadan Malam Ɗanjuma suka sayar da tasu gonar ga wani ɗan siyasa. Honarabul dai kowa ke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Bai daɗe ba ya turo tarakta ta tumɓuke gambar nan kaf, aka kafa turakun siminti har bayan ɗorawa. Takardarsa ta haɗiye tamu gonar gaba ɗaya. Daga gonar nan masara da dawar gidana suke fitowa, da ta marayun da ƙanen nawa ya bari. Na je wurin mai gari, na je wurin dattawa, kowa ya ce in yi haƙuri. Na kai ƙara.

Na uku. Ana cikin shari'ar aka canza alƙali, aka kawo sabon naɗi. Walimar taya shi murna a ƙofar gidan Honarabul aka yi ta, da rumfuna da lasifika. Wannan ba a shaci-faɗi na ji shi ba. Ina wucewa a kan babur Honarabul yana riƙe da lasifikar, yana gaya wa jama'a cewa shi ya kai sunan yaron nan, wato sabon alƙalin, sama da hannunsa, domin ya yi masa wahala lokacin yaƙin zaɓe. Aka yi tafi. Ni kuma na wuce na sayo gishirin da aka ce in taho da shi.

Malamanmu kan ce wanda aka ba alƙalanci an yanka shi ne ba da wuƙa ba. A da, in ji manya, mutum in ya ji ana neman ba shi kujerar sai ya shiga ɓuya. Ni dai ban san tun yaushe aka fara yi wa yanka walima ba.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wasiƙar. Da aka sa ranar gani da ido, Inna ta ce sai an kai ta. Tsohuwa ce tukuf, ba ta miƙewa sai da sanda. Da sassafe ta sa aka nemo mata nono, ta dama fura da hannunta, ta rufe da faifai. Na ce mata zamani ya canza, ta ce alƙali alƙali ne, kuma ba a karɓar baƙo hannu rabbana.

Alƙali ya iso a motar Honarabul, su biyu a baya. Ya fito da robar lemo mai sanyi a hannu, ya tsaya a inuwar ɗorawa, ya dubi turakun siminti daga nesa. Dattawan da suka san layin gambar suna tsugune, ba wanda ya ce musu ci kanku. Inna ta ce in miƙa furar, na miƙa. Ya karɓa da fara'a, ya sha, ya yaba, ya miƙa wa Honarabul, shi ma ya sha. Direba ya ƙarasa sauran.

Na dawo mata da ƙwaryar. Ta leƙa ciki, ta mayar da faifan ta rufe, ta ce in kai ta gida, gonarmu ta riga ta tafi. Ba ta yi kuka ba. Hukunci bai fito ba sai bayan kaka, kuma ko da aka karanta shi ban ji komai ba, domin na riga na ji shi a bakinta.

Kada wani ya ce dattijo ya rasa abin ƙorafi sai fura. Halak malak ta ba shi, ya sha lafiya. Kuma ban ga an miƙa masa ko sisi ba, ba zan yi masa ƙazafi ba. Cewa nake mutumin da zai sha a kowane hannu, hannun da ya fi cika shi zai bi.

Na biyar. Ban ce zamanin da aljanna ba ne, an yi azzalumai a lokacin ma. Amma akwai abin da iyayenmu suka riƙe muka sake. Kafin a ɗora mutum a kan dukiyar mutane da jininsu, akan tambayi wa ya karantar da shi, akan tambayi unguwarsu halinsa, akan duba a gidan wa yake cin tuwo. Yanzu ana duba takardar makaranta, wannan daidai ne, sai kuma a duba wanda ya kawo sunan. To mai kawo sunan nan, ranku ya daɗe, wata rana zai zo karɓar ladan kawowa, kuma a gonar wani za a biya shi.

Roƙona kaɗan ne. Duk sunan da ɗan siyasa ya rako, a ajiye shi gefe. A koma tambayar malaman mutum da maƙwabtansa a asirce, tun kafin naɗi. A hana alƙali karɓar walima daga mai mulki, a hana shi shiga motar wanda yake da shari'a a gabansa. In hukuma ba ta da motar ba shi, ya hau acaɓa, mutuncinsa ba zai ragu ba.

An ce mana kotun sama za ta iya sa a sake zuwa gani da ido. Ni ban sa rai ba, ban kuma cire ba. Ruwan shuka ya sauka, irin masarar yana cikin buhu a zaure, marayun suna tambayata ina za mu shuka, ina ce musu Allah na nan. Na gaya wa Inna maganar sake zuwan. Ta daina ba jikokinta labarin alƙali mai keke tun ranar nan, amma ta sa an wanke mata ƙwaryar an kife a kan randa. Ta ce in da rai za ta sake damawa.

Don girman Allah, ku turo wanda zai dawo mata da ita cike. In ya yi haka, ko ya sake ba Honarabul gonar, za mu ce mun gode, mu haƙura kamar yadda mahaifina ya yi.

Allah Ya yi muku jagora, Ya sa ku gama lafiya, Ya sauƙaƙa muku ranar da za a tambaye ku waɗanda kuka naɗa.

Wassalam.

Naku,
Isiyaku ɗan Inna Hajo,
Malumfashi.