Ba Zan Harbi Hular Zango Ba

Zuwa ga Shugaban Kulob ɗinmu na gasar harbi da bindigar hannu, Kumasi.

Ranka ya daɗe, sallama irin ta mutunci, tare da fatan kai da iyali da 'yan kwamiti kuna cikin ƙoshin lafiya.

Sunana Rakiya Isaka, haifaffiyar Zango, ungozoma a wani asibitin haihuwa da ke Asokore Mampong. Kai ka san ni, amma wasiƙar nan ba kai kaɗai za ka karanta ba. Na rubuta ta da Hausa saboda maganar ta Zango ce, kuma na san kana jin Hausa tun zamanka na bariki. Na fito da ita fili ne saboda ranar da kwamiti ya kira ni, ba a bar ni na kai ƙarshen magana ba. An dakatar da ni shekara guda, an cire sunana daga cikin waɗanda za su je gasar Akara, aka ce in ina son a sassauta, in tsaya gaban membobi in ba da haƙuri. Ga amsata.

Na farko, kada wani ya ce ban san wasa ba.

Ga wanda bai taɓa zuwa filinmu ba, ba tsayawa ake yi wuri guda ana harbin allo ba. Ana shirya fili ne kamar wani wuri na rayuwa, a kakkafa kwalaye. Masu ruwan ƙasa su ake harbi, farare kuwa ko ƙwarzane ka yi musu an rage maka maki. Agogo na yin ƙara sai ka fara, a auna saurinka da saitinka. Kowane shiri muna ce masa siteji, kuma daɗin wasan yana wurin wanda ya fi kawo abin da ba a zata ba.

Na harba daga kujerar trotro, wato motar haya, da kafintocin unguwar Anloga suka ɗora mana a kan tsofaffin sifirin na mota, jaka a cinyata, wani yana jan igiya yana jijjiga ni kamar mun hau hanya mai ramuka. Na harba daga kwalekwalen da aka rataye da sarƙa, na fito jiri yana ɗibata. Na zauna a kujerar aski an ɗaure mini ƙyalle a wuya, bindiga tana cikin durowa. Akwai shekarar da aka ce kowa ya fara da hannu biyu a kan taɓarya yana dakan fufu, sai agogo ya yi ƙara sannan ya saki. Ban taɓa ƙorafi ba. Ni da kaina na kawo sitejin goyo, wanda za ka ɗaura 'yar tsana a baya da zane, bokitin ruwa a hannun hagu, ka harba da dama kaɗai, in goyo ya faɗi ka yi asara. Ranka ya daɗe, ka tuna yadda naka goyon ya zame tun kafin ka kai kwali na biyu, muka yi dariya har da hawaye, kai ma kana yi. Mace mai shirya irin wannan ba za a ce mata ba ta san raha ba.

Na biyu, ga abin da ya faru, yadda ya faru.

A gasar da muka yi bayan Babbar Sallah, Mista Ofori, wanda kwamiti ya ba shirya filin bana, ya kawo sitejin da ya sa wa suna Samame a Zango. An yi lungu da tsofaffin kwanon rufi. An ajiye buta da tabarma a bakin wata ƙofa, da bencin mai shayi. Kwalayen da za a harba duka an sa musu hula, wasu da jallabiya, ɗaya an rataya masa carbi a wuya. Akwai wanda ke leƙowa daga bayan ƙofa idan ka taka wani katako, shi kuma mayafi aka yafa masa. Fararen kwalayen da ba a taɓawa kuwa, taye irin na 'yan ofis aka ɗaura musu a wuya. Da aka karanta bayanin sitejin, cewa aka yi ɓarayi sun ƙwace maka mota sun gudu gida, ka bi su.

Gida. Kalmar da aka zaɓa ke nan.

Ranar ce karo na farko da mahaifina ya zo kallona. Tsohon soja ne, shi ya fara koya mini cewa bakin bindiga ba ya kallon abin da ba ka yi niyyar halakawa ba. Yana zaune a rumfar 'yan kallo da farar jallabiyarsa da hularsa, carbi a hannu, yana ganin mutane suna bi ɗaya bayan ɗaya suna huda kamanninsa, ana tafi.

Da layi ya zo kaina, na roƙi alƙalin fili, Mista Boateng, a cire kayan nan kafin in harba. Ya ce ba shi da iko, ya ƙara da cewa, "Anti Rakiya, ai kwali ne kawai." Na ce masa, "In kwali ne kawai, me ya kai hula kansa?" Na cire harsasai, na nuna masa bindiga babu komai, na mayar da ita jakarta a gabansa. Sai da ya sanar da bakinsa cewa fili lafiya, masu liƙe ramukan harsashi a kwalaye suka shiga, sannan na bi su na tattara hulunan da carbin da mayafin. Ban ɗaga murya ba, ban zagi kowa ba, ban karya dokar tsaro ko ɗaya ba. Ku tambayi Mista Boateng, mutum ne mai gaskiya.

Mista Yaw Mensah, mai sayar da kayan gyaran mota, shi ke bayana a layi. Ba Musulmi ba ne, ba ɗan Zango ba ne. Ya ce ko an mayar da hulunan shi ma ba zai harba ba, a rubuta masa sifili. Na faɗi wannan don kada a mai da maganar rigimar ƙabila. Na kuma faɗa don a lura: mu biyu muka ƙi, ni kaɗai aka dakatar.

Muka kama hanyar gida ni da Baba har muka wuce Ayigya. Can ya ce, "Rakiya, na sa kakin ƙasar nan har ƙafata ta lalace. Ashe haka suke ganina." Tun ranar bai sake tambayata labarin harbi ba.

Na uku, hujjar kwamiti.

An ce littafin dokarmu bai hana sa wa kwali riga ba. Gaskiya ne, mun sha sa musu tsofaffin singileti don kada mai harbi ya ga layin maki. Amma singileti na kowa ne. Hula da carbi da buta suna da masu su, kuma masu su suna da unguwa, kuma an rubuta sunan unguwar a allo. An ce Mista Ofori bai yi nufin cin fuska ba. Ban shiga zuciyarsa ba. Na dai san mutane da yawa sun ga filin nan tun ana kafa shi, ba wanda ya ga abin gyara, wannan kuwa ya fi nufin mutum ɗaya tayar mini da hankali.

Ranka ya daɗe, kai ka fi ni sanin amfanin maimaici. Abin da ka saba wa ido da yatsa a fili, shi za su yi ranar da babu lokacin tunani. A cikin membobinmu akwai masu ɗamara, waɗanda gobe aiki zai iya kai su lungun gaske da harsashin gaske. Me muka koya musu ranar nan? Cewa mai taye a kiyaye shi, mai hula a danna. Zango ta taɓa binne 'ya'yanta saboda zato, ba sai na tuna wa kowa ba. Samarin da ke zama a bencin mai shayi, da yawansu a tafin hannuna suka fara kuka. Akwai nagari a cikinsu, akwai ɓatattu, kamar kowace unguwa a Kumasi. Ba zan koyi saita su ba, ko da a kwali ne.

An kuma ce na ɗauki kayan kulob. Suna nan wurina, na wanke su, ramukan dai ba su wanku ba. Zan kawo su babban taron membobi in shimfiɗa a tebur kowa ya gani.

Ga abin da nake nema. A janye dakatarwar da aka yi mini a gaban membobi, kamar yadda aka sanar da ita a gabansu. A sa doka cewa ba za a sake sa wa kwalin harbi tufafin wata ƙabila ko addini ko sunan wata unguwa ba, ko Zango ce, ko Anloga, ko ina. Sannan kai da Mista Ofori ku zo gida ku gai da mahaifina. Ba ya bukatar dogon bayani, tsoho ne, zuwan ya isa. Za ku ci wake da shinkafa, ba wanda zai ɗaga muku murya.

Haƙurin da kuke jira kuwa, kada ku ɓata lokaci. In shi ne kuɗin motar Akara, ku ba wani kujerata, na yafe. In kuma kuna ganin shekara guda za ta tanƙwara ni, to ba ku san aikina ba. Jira sana'ata ce, kuma ban taɓa barin bakin gado ba sai abin da ake jira ya fito.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan na kusa da kai ne, ya tsare filinmu daga haɗari, ya zaunar da Kumasi lafiya.

Wassalam.

Rakiya Isaka,
Zango, Kumasi.