Gidana Bai Motsa Ba, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga mai girma shugaban masu awon filaye,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Tunda ku ne masu ilimi, ga kacici-kacici: mene ne ba shi da ƙafa, bai taɓa gusawa ba, amma aka wayi gari yana tsakiyar titi?

Na ɗaya. Ni tsohuwa ce a Gyaɗi-Gyaɗi. Marigayi maigidana ya sayi filinmu tun ana noma gero a wurin. Safiyo ya zo da sarƙarsa ya auna, ya kafa turakun siminti huɗu. Suna nan. A kan guda nake fasa goro.

Na biyu. Da soja suka koma bariki muka yi murna, aka ce za a sabunta takardu. Yaranka suka zo da na'ura mai ƙafa uku, wai tana magana da tauraron ɗan'adam. Na ba su kunu suka shanye. Bayan nan aka shafa wa katangata jan fenti, wai na ci titi.

Na uku. Na yi sawu biyar a ofishinku kafin wani safiyo mai furfura ya tausaya ya warware mini. Wai awon da, daga wani dutse a Minna ake fara lissafinsa; na yanzu kuwa daga cibiyar duniya. Mai kwamfuta ya zuba lambobin da cikin sabuwar taswira bai juya su ba, sai layinmu kaf ya zame gefe. Ni ce a bakin layi, ni na faɗa kwalta. Maƙwabcina Malam Sabo direba kuwa, a takardarku a ɗakina yake kwana. Ko sadaki bai biya ba.

Dattijon ya ce gyaran sai da sa hannunka, kai kuma kullum kana taro. Ban san cibiyar duniya ba, ranka ya daɗe, amma na san inda aka binne cibiyar 'ya'yana bakwai. Raha nake don kuka ya ƙare mini. Katafila ta gama da layin bayanmu, jikokina sun fara ɗaure kaya.

Roƙona, ka aiko mutum ya dubi turakun nan da idonsa kafin a rushe. In ba hali, a bar ni in fita a makara tukuna. Allah ya ƙara maka girma, ya sa kada a auna ka da ma'aunin da ba naka ba.

Wassalam.
Hajiya Tabawa, Gyaɗi-Gyaɗi.

Na san ba ka da lokacin tunani, ga amsar: ɗakin da nake kwana ne.