Katangar Al-Ud Kawai Na Dafa

Assalamu alaikum Kaka,

Ki yafe min karambanin rubuto miki da kaina. Ya ƙarin haƙuri? Ya su Gwaggo Muhibba? Muna lafiya, Umma ma ta fara cin abinci.

Kin ce in nemo kabarin Abba a tsohuwar maƙabartar Al-Ud, in dafa ƙasarsa a madadinki. Kaka, na kasa. Mai gadi ya ce mata ba sa shiga. Na roƙe shi ya nuna min ko daga nesa, ya ce babu kabari mai suna, har na sarakuna, duwatsu ne kawai. Katangar na dafa, na yi wa ɗanki addu'a.

In ban ɓata miki rai ba, ki yarje min in sake rubutowa.

Jikarki,
Khairat, Riyad