Kafar Allura

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da aiki. Mu nan ƙalau muke, Baba yana gaishe ka.

Bayan gaisuwa, an ba ni gurbin karatun injiniya. Kada ka yi saurin murna, don ni kaina na kasa. Ka san yadda idon Baba ya koma. Ɗinki kam hannunsa ya haddace, amma kafar allura ta gagare shi. Da zare ya tsinke sai ka ji "Auta!", in ajiye abin da nake yi in zo in zura masa. In na tafi, wa zai kira? Wallahi kunya nake ji, ina zaune gefen keken ɗinkinsa ina yi masa guga, zuciyata tana can wajen injinan makaranta. Ban ma gaya masa da bakina ba, a bakin maƙwabta ya ji.

Ka ba ni shawara. A gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Injiniya Auta,

Wa alaikumus salam, da fatan kuna lafiya. Murna dai na riga na yi, sai ki kai ni ƙara.

Ke da kika kwance rediyona kika mayar, kusoshi suka yi ragowa, kuma ya fi da magana, ke ce kike neman shawara? Amma ba ni da bakin ce miki tafi. Ni ne babba, ni ya kamata a ce ina shagon Baba, ga ni a nesa ke kina ɗauke da nauyina. Takardarki ta hana ni sukuni.

Abu ɗaya zan ce. Tunda injiniya za ki zama, fara da allurar Baba mana.

Ki gaishe shi da kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na bi maganarka. Na ciro siririyar waya daga tsohuwar fankarmu, na lanƙwasa ta, na ɗaure a kan keken da ɗan ƙarfe, yadda in an tura ta za ta shiga kafar ta jawo zaren da kanta. Na rufe ido na gwada, ya shiga. Har tsalle na yi.

Baba ya laluba, ya tura. Can ya kawar da ita gefe ya ce, "Ba ya yi, Auta. Hannunki ya fi." Bai ko ɗago kai ba.

Yaya, ka duba fa. Mutumin da ya raine ni a gindin keken nan, shi nake so in bar wa guntuwar waya a madadina? Na fasa. Kafin mako ya ƙare zan sanar da makarantar su ba wani. Don Allah kada ka lallashe ni, kuka zan yi.

Ka huta lafiya.

Auta

*

Ɗana,

Ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙe, iyakar abin da ido ya bari ke nan.

Abin nan da ƙanwarka ta haɗa yana aiki. Tun gwajin farko zaren ya shiga, ni na zare shi da yatsa kafin ta gani. Jiya da ta fita kasuwa na gama riga guda da shi ban kira kowa ba. Ba zaren nake tsoro ba, shirun shagon nake tsoro.

Ni bakina ya yi nauyi. Ka gaya mata kafin ta je makarantar nan ta fasa, kuma ka aiko mata da akwati mai kyau.

Mahaifinku